Kafin a Shafa Fatiha: Jagora ga Masu Shirin Aure a Tambuwal da Kebbe

Da an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, dawa ta biyo baya, sai goron gayyata ya fara yawo gida gida. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, Sanyinna da Jabo, har ka gangara Kebbe da Kuchi, da wuya Juma'a ta wuce a wannan lokaci ba a tsayar da jama'a bayan an sallame salla ba. Haka kuma in watan Sha'aban ya kama, kowa na son amarya ta tare kafin azumi. Shi ɗaurin auren kansa, ko ɗaurin arme kamar yadda tsofaffinmu ke faɗi, bai kai minti goma ba. A nema, a bayar, a karɓa, a ambaci sadaki, a shaida, a shafa Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya, jama'a su watse da goro da alewa a aljihu.

Na sha zama a kan tabarmar nan, wani lokaci ina ɗan kallo, wani lokaci ina wakilin ɗan'uwa. Na kuma sha raka dangi kotu bayan shekara biyu ko uku. Abin da na lura da shi shi ne, rigimar da ake kaiwa gaban alƙali kusan kullum tana da tushe a wata tambaya da aka ji nauyin yi kafin aure, ko wata magana da aka yi a ɗaki ba a faɗe ta a gaban shaidu ba, ko wani kuɗi da aka miƙa ba a kira sunansa ba. Don haka wannan jagora ta fi karkata ga watannin da ke gaban ranar, fiye da ranar kanta.

Hukuncin da ake bi a nan na mazhabar Malikiyya ne, tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, kuma da shi kotunan Shari'a na Jihar Sakkwato ke aiki yau. A wannan mazhaba aure na tsayawa ne a kan waliyyi, da sadaki, da siga, wato kalmar bayarwa da ta karɓa, da shaidu biyu adalai, sannan ango da amarya su kasance babu abin da ya haramta su ga juna. Wannan na ƙarshe shi ne farkon aiki.

Haramcin jini kowa ya san shi. Wanda ke kuɓuce wa mutane shi ne na nono. A ƙauyukanmu auren zumunci ya yi yawa, gidaje kuma manya ne, mata da yawa na goyo a tsakar gida ɗaya. Uwa ta tafi rijiya ko gona, jariri ya tsananta kuka, facala ko ƙanwar uwa ta ɗauke shi ta ba shi nono don tausayi. A wurin Malikiyya, ko sau ɗaya ne, muddin nonon ya isa cikin yaron yana cikin shekaru biyun shayarwa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, waɗanda ta haifa kafin nan da waɗanda za ta haifa daga baya. Maza ba su san wannan tarihi ba, domin ba a gabansu aka yi ba. Tsofaffin mata ke riƙe da shi. Saboda haka kafin iyaye maza su kai goron tambaya, a tura wata babbar mace ta zauna da kakanni da goggonni na ɓangarorin biyu, ta tambaye su kai tsaye: "Inna, yaran nan ba su taɓa haɗa nono ba?" Na ga auren da aka raba yana da 'ya'ya biyu, don wata tsohuwa ta tuna abin da ba a tambaye ta ba tun farko. Babu mai laifi a cikin ma'auratan, amma su suka ɗauki zafin. A wannan zama kuma a duba cewa mai nema ba ya auren yayar yarinyar ko ƙanwarta, ko goggonta, ko innarta, domin ba a haɗa su a hannun miji ɗaya, kuma ba shi da mata huɗu a gida.

In bazawara ce, maganar idda ce kan gaba. Wadda aka saka tana jiran tsarki uku. Wadda ba ta ganin jini wata uku take yi. Mai takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. A lokacin iddar ko neman aurenta a bayyane bai halatta ba, balle ɗaurawa. Kuma hukuncin Malikiyya a nan mai tsanani ne: wanda ya aure ta cikin idda har ya sadu da ita, ta haramta gare shi har abada. Kada a dogara da "ai ta daɗe a gidansu". Mace na iya shekara a gidan iyayenta tana yaji, igiyar aure na nan ba a tsinke ba. A nemi takardar saki a duba kwanan wata. In kotu ce ta raba auren, ta hanyar hul'i ko waninsa, a karɓo takardar hukuncin. In da baki aka yi sakin, a nemo waɗanda suka ji. Wadda kuma mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ya yi shiru shekara da shekaru, ba aike ba labari, matar aure ce har sai alƙali ya duba ƙararta ya raba, ta yi idda. Dattawan unguwa, duk girmansu, ba su da ikon yanke wannan.

Sai yardar yarinya. Bazawara dole ta furta da bakinta. Budurwa ana karɓar shirunta, amma fa shirun kunya, wanda uwa ke ganewa, ban da shirun mai hawaye. Gaskiya ne Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, abin da malamai ke kira ijbari, sai dai uba kaɗai ke da shi ko wanda ya yi wa wasiyya, ban da wa ko baffa ko kawu, kuma an ɗaure shi da maslahar yarinyar. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Kaduna ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga Jihar Neja, cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi tsakanin manema ba zai dawo ya tilasta mata wani ba. Ni a ganina, uban da ya tsaya kan wannan iko alhali yarinya na kuka, yana sayen zaryar kotu ne da hannunsa. Ya tuna kuma in an riga an ba wani, magana ta zauna, haramun ne wani ya shigo da nema a kai, ko da ya fi na farko abin hannu.

Wane ne waliyyi? Ga budurwa, ubanta. A al'adarmu uba kan ji kunya ya miƙa wa wansa ko ƙanensa, ko wani amininsa, kuma hakan ya yi daidai in shi ya wakilta shi da bakinsa. In uba ya rasu, waliccin na bin dangin uba: ɗan'uwanta namiji, sai ɗan ɗan'uwan, sai kaka, sai baffa. Bazawara mai ɗa baligi, ɗan nata ne kan gaba. Kawu, wato ɗan'uwan uwa, da mijin uwa da ya riƙe ta, suna da girma da haƙƙin a shawarce su, amma ba sa tsallake dangin uba sai an wakilta su. In waliyyi ya ƙi aurar da ita ga wanda ya dace ba tare da dalili ba, ko babu waliyyin sam, alƙali ke zama waliyyinta. Shi ma ango ya wakilta wakilinsa a sarari. Samarinmu da yawa ana ɗaura musu aure suna Kudu wurin nema. Ba laifi, amma ya kira waya a gaban mutum biyu, ya ambaci sunan yarinyar da na ubanta da adadin sadakin da ya yarda da shi. A gidan da 'yan mata uku suka tasa, ambaton suna ba ƙaramin abu ba ne.

Gwajin jini kuwa, a yi shi kafin a sa rana. Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa, domin yawancin mutane sai an kai lefe, an raba goro, saura mako ɗaya, sannan su tafi asibiti don liman ya ce sai da takarda. A lokacin ko sakamako ya fito da matsala, kunyar fasawa ta fi ƙarfin kowa. Abin da ake dubawa shi ne rukunin jinin sikila, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, sannan gwajin ciki ga mace. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da AS, lafiyarsa lau, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai amosanin jini yana murƙususu cikin sanyin hunturu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ana iya farawa daga babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe. In sakamako ya zo da shakka, a maimaita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Su je tare, da wani babba daga kowane gida, a karɓi sakamakon daga hannun ma'aikacin lafiya, kada ango ya kawo takarda daga aljihunsa. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi da za a yi wa wanda ba shi da shi, don haka samunsa ba ya nufin an fasa, yana nufin a ga likita tukuna. Jihar Kano ta mayar da wannan gwaji doka a 2024, kuma limamai da dama a nan ma ba sa zama sai sun ga takarda.

Yanzu maganar kuɗi, inda aka fi samun ruɗani. Tsakanin fara zance da ɗaurin aure, kuɗi da kaya na shiga gidan yarinya da sunaye iri iri: toshi, na gani ina so, gaisuwar iyaye, kuɗin sa rana, lefe. Duk waɗannan al'ada ce. Aure na ɗauruwa ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ba ya inganta in an yi sharaɗin babu sadaki. Amfanin rarrabewa na fitowa ne ranar da abu ya ɓaci. In aka fasa kafin a ɗaura, abin da malaman Malikiyya suka fi rinjayarwa shi ne, in fasawar daga wajen ango ce ba ya karɓar kyautarsa, in daga wajen yarinya ce a mayar masa, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. In an ɗaura ya sake ta kafin tarewa, rabin sadaki nata ne. In kuwa daga baya ita ta nemi hul'i, tambayar farko da alƙali zai yi ita ce nawa aka ambata sadaki. A nan ne za ka ji miji yana lissafa har kuɗin acaɓa da ya taɓa ba ƙanenta, su kuma iyayenta suna cewa ba su ga komai ba. Maganinsa littafi ne na naira kaɗan. Duk abin da aka kai, a rubuta kwanan wata, da adadinsa, da sunan da aka kira shi, da waɗanda suka kai da waɗanda suka karɓa. In ta banki aka tura, a ajiye shaidar turawar.

Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne na zinariya, ko dirhami uku na azurfa. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Tunda farashin zinariya na hawa, kuma naira na sauka, adadin da aka aurar da yayarta da shi shekara uku da suka wuce zai iya gazawa bana. A tambayi liman ko Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha kimar da ake ciki a watan da za a ɗaura. Sama kuwa ba ta da iyaka, sai dai tsadar sadaki ba ta taɓa riƙe aure ba. Sadakin na amarya ne. Ba ladan renon uba ba ne, ba kuma na rabon dangi ba. In an sa shi cikin kayan ɗaki, kayan nata ne.

Za ka ji sanƙira na cewa "lakadan ba ajalan ba". Maganar tana da nauyi a shari'a. Ana iya biyan wani sashe a jinkirta saura, amma dole a sa wa sauran lokaci sananne, a ce bayan wata shida, ko ranar kaza ga watan kaza. "In Allah ya hore" ba ajali ba ne, kuma yana iya ɓata ɗaurin kafin tarewa. A yankin Kebbe da rugagen da ke kewaye, har yanzu ana ba da saniya sadaki. To a nuna ta, a faɗi launinta da shekarunta a gaban shaidu, a kuma sani duk abin da ta haifa na matar ne, ko da a garken miji take kiwo. In gona ce ko wani yanki na fadama, a taka iyakarta da mai unguwa da maƙwabtan gona, a yi takarda da hatimin hakimi. In ba haka ba, ranar rabon gado magada za su ce aro aka ba ta.

Akwai kuma alkawuran da ake yi a zaure lokacin nema, waɗanda iska ke kwashewa bayan biki. Zai bar ta ta ƙarasa sakandare, ko ta ci gaba da kwalejin ilimi, ko ta riƙe aikinta na asibiti. Za ta zauna a garinsu, ba zai kai ta Kudu ba. Ya kamata iyaye su san matsayin irin waɗannan: a Malikiyya ana son miji ya cika su, amma galibi alƙali ba ya tilasta shi, sai in an ƙulla sharaɗin da cewa in ya saɓa, al'amarinta na hannunta. Wanda karatun 'yarsa ya dame shi da gaske, ya je wurin malami masanin fiƙihu tun kafin ranar, a tsara lafazin, a faɗe shi a gaban shaidu, a rubuta. Abin da ba ya buƙatar sharaɗi shi ne ci da sha da sutura da wurin kwana, waɗannan suna kan miji ko an faɗa ko ba a faɗa ba, kuma rashinsu dalili ne da mace za ta iya kai ƙara a kansa. Haka nan wanda ya san yana da taɓin hankali, ko kuturta, ko lalurar da ke hana kwanciyar aure, namiji ne ko mace, ya faɗa tun da wuri, domin ɓoye su na ba ɗayan damar warware auren.

Ranar ɗaurin aure, waliyyi da wakili su zauna kusa da liman, inda shaidu za su ji su da kunnensu. Wakilin ango ya ce: "Allah gafarta Malam, muna biɗar ma ɗanmu wane auren ɗiyarku wance, bisa sadaki kaza." Waliyyi ya ce ya ba shi. Wakili ya ce ya karɓa masa, ya kuma ɗauki nauyin ci da sha da sutura a madadinsa. A ƙirga sadakin a fili. Jama'a za su amsa da "mun shaida", amma taron ɗari biyu ba ya zuwa kotu. Tun kafin a zauna a keɓe mutum biyu masu mutunci, waɗanda suka san gidajen biyu, a ce ku ne shaidu, a rubuta sunayensu. Ya fi kyau kada dukansu su kasance tsofaffi tukuf. Auren da aka ce wa shaidu su ɓoye shi, ko don tsoron uwargida ne, Malikiyya ba ta yarda da shi ba.

Takardar shaidar aure ba sharaɗin inganci ba ce a addini, shi ya sa mutanenmu ke sakaci da ita. Amma dokar ƙasa ta san da auren Musulunci sarai. Tsarin Mulki na 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, sashe na 277 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba shari'o'in aure da saki da gado. In masallacin da aka ɗaura yana ba da takarda, a karɓa a ranar, da sa hannun liman da waliyyi da wakili da shaidu. Daga nan, cikin makon, a je kotun Shari'a ta yankin da hotunan ma'aurata a nemi takardar shaidar aure mai hatimin kotu, a biya abin da aka ƙayyade, a karɓi rasit. A lura sunayen su zo daidai da yadda suke a katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Ranar amfaninta na zuwa ba sallama: matar da ke son hukumar yi wa ƙasa hidima ta dawo da ita kusa da mijinta, ma'aikacin da zai sa iyalinsa cikin inshorar lafiya, mai neman biza, da kuma matar ma'aikacin da ya rasu, wadda za ta bi haƙƙinsa na fansho alhali liman ya rasu, shaidu sun watse.

Kiristocin da ke zaune tare da mu, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa, da yawa kan yi auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya. Ana ba magatakardan aure sanarwa, a liƙa ta kwana 21, in ba wanda ya yi ƙorafi a ba da izini, a ɗaura cikin wata uku a ofishinsa ko a cocin da ke da lasisi, da shaidu biyu. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye a rubuce. Wannan aure na mace ɗaya ne, kuma Babbar Kotu kaɗai ke raba shi. Musulmin da wani ya ce masa ya je ya yi na rajista don takardarsa ta fi ƙarfi a ofishin jakadanci, ya san cewa ƙara aure a kansa laifi ne a doka.

Sauran kuwa, ƙunshi da kamu da sayen baki da buɗar kai da gara, mata sun fi ni saninsu, kuma kowane gida da ƙarfinsa. Abu biyu kawai zan ƙara. In da uwargida a gidan, budurwa na da kwana bakwai, bazawara uku, sannan rabon kwana ya dawo daidai, kuma a gaya wa uwargida tun da wuri, daga bakin mijinta. Sannan ranar jere, kafin a rufe ɗakin, wata daga dangin amarya da wata daga dangin ango su zauna su rubuta kayan da aka kawo, daga gado da katifa har kwalla da tukunya. A yi kwafi biyu na wannan da na takardar aure. Ɗaya ya zauna wurin miji, ɗaya a kai wa waliyyin amarya ya ajiye a gidansu.